Suna so in shiga 'yan kwana-kwanan ƙauyenmu a Jamus, maigida ya yi shiru

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce 'yar Zariya, shekarata 34. Shekara shida ke nan muna zaune a wani ƙaramin ƙauye a Jamus da maigidana da yaranmu biyu. Bara ana gobe ƙaramar sallah ina suyar cincin, ƙaramin ya faɗi a falo, na je ɗaukarsa, kafin in dawo mai ya kama da wuta har ta fara lasar kabad. Na kwashi yara na yi waje na buga lambar gaggawa ta 112. Ban daɗe ina salati ba sai ga motar kashe gobara. Da suka gama, ɗaya daga cikinsu ya cire hular kwano, sai na ga ashe mace ce, matar da nake sayen burodi a wurinta. Duk mutanen ƙauyen ne, ba mai biyansu albashi. Yanzu kwamandansu ya ce suna ƙarancin mutane da rana, ni kuma ina gida, ko zan shiga? Wallahi Anti tun ranar zuciyata ba ta bar wurin ba. Na gaya wa Abban yara, bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai cewa ya yi in duba abin da mutane za su ce. Umma kuwa kuka ta sa min a waya, wai aikin maza ne, wa zai riƙe mata jikoki in na halaka. Ni ma ina da nawa tunanin: hijabina, sa wando, da giyar da na ga suna sha bayan atisaye. Me zan yi?

Ƙanwata, kafin komai ina yi miki jaje, ina kuma taya ki godiya ga Allah da Ya fitar da ke da yaran lafiya. Kin yi daidai da kika fita ba ki tsaya neman bokiti ba. Da kin watsa wa man nan ruwa, da wata wasiƙa ce daban ta iso ni, ko ma ba ta iso ba, domin litar ruwa ɗaya idan ta faɗa cikin tafasasshen mai tana rikiɗewa nan take ta zama tururi kusan lita 1,700, ta yi tsartuwa da man mai ci da wuta har rufin ɗaki. Maganin man da ya kama shi ne a kashe murhu a kifa masa murfi, in kuwa wutar ta wuce tukunya, a ja ƙofa a fita. Na tsaya a kan wannan ne saboda sauran matan da ke karanta mu, musamman masu suyar ƙosai da awara.

Amsata a taƙaice ita ce ki shiga. Amma ba gobe ba, kuma ba a kan shirun maigida ba. Bari in yi miki bayanin dalilin duka biyun.

Ina jin rabin rigimar gidanku daga kalmar take. Idan aka ce wa Umma 'yan kwana-kwana, abin da ke zuwa mata a rai shi ne ma'aikatan gwamnati masu kaki, masu kwana a bariki suna jiran kira, kamar yadda ta san su a Zariya ko Kaduna. Sai ta ga kamar 'yarta ta bar ɗakin aure ta ɗauki aikin ɗamara. Abin da ke ƙauyenku ba shi ba ne. Masu kashe gobara na albashi a Jamus suna manyan birane ne, kuma rundunoninsu ɗari da 'yan kai ne kacal a duk faɗin ƙasar. Sauran garuruwa da ƙauyuka sun dogara ne da 'yan sa-kai, abin da suke kira Freiwillige Feuerwehr, mutum kusan miliyan ɗaya a rundunoni sama da dubu 20. Manomi ne, kafinta ne, malamar makaranta ce, mai burodin nan taki ce. Hukumar gari ta sayi mota da kayan aiki, mutanen gari su ba da jikinsu da lokacinsu. Mu muna da sunan wannan a Hausa, gayya ke nan.

Ina yarinya, wata shekara cikin hunturu, wuta ta tashi a unguwarmu bayan isha'i, daga garwashin da wata tsohuwa ta shiga da shi ɗaki don jin ɗumi. Har yau ina jin kururuwar a kunnena. Maza suka hau katanga suna yaye danni da jinka don kada ta tsallaka gidan gaba. Ruwan kuma wa ya kawo? Mata ne. Matan kulle waɗanda ko ƙofar zaure ba sa leƙawa, su suka juye randunansu, suka yi layi ana miƙa bokiti hannu da hannu, wata ta tattara yaran gidan ta kai su ɗakinta ta rufa musu bargo. Ban ji wanda ya ce aikin maza ne a daren nan ba. Bambancin abin da iyayenmu suka yi da abin da ake kiranki ki yi shi ne horo, da kayan kariya, da tsari. Mun taso muna jin cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ke naki ne ya kama, maƙwabta suka zo suka kashe. Wannan abin da kike ji yana cin ranki tun bara, nauyin maƙwabtaka ne, kuma alamar tarbiyya ce, kada wani ya sa ki ji kunyarsa.

Kwamandan kuma ba fadanci yake miki ba. Matsalar da ya faɗa miki ta dami ƙauyukan Jamus da yawa: mutane suna kwana a ƙauye amma aikinsu yana birni, don haka in wuta ta tashi da hantsi ranar Talata, sunaye suna nan cike da takarda amma babu masu cika mota. Akwai wuraren da abin ya kai hukuma ta tilasta wa mazauna shiga, kamar yadda aka yi a garin List da ke tsibirin Sylt a 2005. Mata kuwa har yanzu kusan ɗaya ce cikin goma a wannan aiki. Macen da take gida da rana, mai lafiya, mai jin Jamusanci, abin nema ce a wurinsu.

Kada ki ɗauka kullum cikin harshen wuta za ki riƙa kutsawa. Yawancin kiran da ake yi ba gobara ba ne: haɗarin mota, bishiyar da guguwa ta kayar ta tare hanya, ɗakin ƙasa da ruwa ya cika, tsohon da ya faɗi a gida ƙofa kulle, ƙararrawar hayaƙi da ta yi ƙara ba gaira ba dalili. Ba kuma wanda zai miƙa miki tiyo ranar farko. Horon farko a yawancin jihohi awa 70 ne, da yamma da ƙarshen mako, a koya miki taimakon farko, ɗaurin igiya, kafa tsani, jan ruwa. Shiga cikin hayaƙi da silindar iska a baya wani kwas ne daban, na awa 25 aƙalla, kuma sai likita ya auna zuciyarki da huhunki ya sa hannu, a sake aunawa duk bayan shekara uku har mutum ya kai 50. Akwai waɗanda suka tsufa a rundunar ba su taɓa goya silindar nan ba, suna kan famfo, ko rediyo, ko tare hanya, ko kula da wanda aka ceto. Wurinki za ki zaɓa gwargwadon ƙarfinki.

Duk da haka ba zan ce miki hawayen Umma na banza ba ne. Ana jin rauni a aikin nan, ana mutuwa. A ambaliyar watan Yulin 2021, wadda ta kashe mutum sama da 130 a kwarin kogin Ahr kaɗai, akwai masu kashe gobara cikin waɗanda suka rasu suna ƙoƙarin ceton wasu. Akwai kuma wani nauyi da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, wanda ni a ganina ya fi wutar. A ƙauye kowa ya san kowa. Wata rana motar da za ku yanka ku ciro mutum, ta ɗan maƙwabciyarki ce, ko ta uban abokin ɗanki na makaranta. Za ki dawo gida ki ɗora tukunya hoton yana gabanki. Suna da masu ba da shawara da aka horar don irin wannan rana, ki tambaya tun yanzu su waye. Amma ki zauna ke kaɗai ki auna zuciyarki a kan wannan, domin babu kwas ɗin da zai auna miki ita.

Sai maganar hijabi, wadda nake so ki ɗauke ta da muhimmanci fiye da yadda kika kawo ta. Ke kina tunanin sutura, ni ina tunanin fatarki. Mafi yawan hijabai da mayafan da muke sawa yanzu na roba ne, irin yadin da in wuta ta taɓa shi ba ya ƙonewa ya zama toka, narkewa yake ya manne a jiki. Ga shi da faɗi, yana iya sarƙewa a tsani ko inji. Ga allurar da muke maƙalewa a haɓa. Wannan ba zai shiga ƙarƙashin hular kwano ba, kuma duk kwamandan da ya hana ki sa shi a bakin aiki ba addininki yake yaƙa ba, wuyanki yake karewa. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, a cikin kayan aikin nasu akwai wata hula ta yadin da wuta ba ta ci, mai rufe kai da kunnuwa da wuya gaba ɗaya, fuska kaɗai ke waje, maza ma ita suke sawa in za su shiga hayaƙi. Rigar da wandon kuma masu kauri ne, burma-burma, ba sa nuna surar kowa. Ke da kanki ba ki gane mai burodi ba sai da ta cire hula. Don haka ki je wurin kwamanda tun kafin ki cika takarda, ki ce masa ke kina rufe gashinki, me za a yi a wurin aiki, me za a yi a wurin atisaye, me za a yi ranar bikin da ake sa kayan fareti. Ku tsayar da magana a kan ukun nan. Abin da aka daidaita a ofis cikin natsuwa ba ya zama gardama a gaban mota jiniya na kuka. Ki kuma tambayi wurin canza kaya. Tsofaffin tashoshi da yawa an gina su ne lokacin da babu mata, ɗaki ɗaya ne kowa da kowa. Mai burodi ta riga ki cin karo da wannan, ita za ta gaya miki yadda take yi.

Giya kuwa gaskiya kika gani. Zama bayan atisaye da kwalba a hannu al'ada ce mai ƙarfi a rundunonin ƙauye, ga tsiren alade ranar bikin shekara. Amma wannan zaman ba ya cikin aikin, kuma ba a fita aiki da maye. Ki faɗa sau ɗaya, a fili, fuska a sake, cewa ba kya sha kuma ba kya zama a teburin sha. In an tashi atisaye ki taya naɗe tiyo da wanke mota, ki yi sallama ki tafi gida. Wasu za su ɗan ja baya da ke da farko. Ranar da suka ga kin riga kowa isowa da tsakar rana, maganar ta mutu. In kuwa wani ya mayar da ke abin zolaya saboda addininki ko launin fatarki, ki kai wa kwamanda, in bai yi komai ba ki fita, ba ki ci bashin kowa ba.

Yanzu ga inda nake so ki tattara hankalinki. Ranar da aka rataya miki 'yar na'urar da ake kiran 'yan sa-kai da ita a ƙugu, ba ke kaɗai aka rataya wa ba, gidanku duka aka rataya wa. Za ta yi ƙara ƙarfe biyun dare. Za ta yi ƙara kin zuba tuwo ba a fara ci ba. Za ta yi ƙara ranar sallah kuna da baƙi. Kuma abin na mintoci ne, babu lokacin shawara. In ba a gama magana a gida ba tun kafin ranar, to kowane kira zai zama sabon faɗa, ki fita da ɓacin rai ki dawo ki tarar da wani. Mutumin da hankalinsa ya rabu biyu ba shi da amfani a bakin wuta, haɗari ne ga kansa da abokin aikinsa. Shi ya sa na ce shirun Abban yara bai isa ba. Izininsa kike buƙata a matsayinsa na mijinki, kuma hannunsa kike buƙata, domin shi zai tashi da yaro mai kuka in kin fita.

Ki lura da abin da ya ce. Bai ce yana tsoron ki mutu ba, bai ce haramun ne ba, cewa ya yi mutane. Su waye mutanen? Ba 'yan ƙauyen ba ne, su ne ma suka kira ki. 'Yan'uwansa ne a gida, da abokansa 'yan ƙasarmu da suke haɗuwa a masallacin birni ranar Juma'a, waɗanda yake jin za su ce ya kai mace Turai ta fi ƙarfinsa. Wannan ciwo ne na gaske ga ɗa namiji, kada ki raina shi, kada kuma ki ce masa ai nan Jamus ne, doka ta ba ki dama. In kin faɗi haka kin ci gardama kin rasa miji. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki ce masa: Abban yara, mutanen nan sun ceci gidanmu, ina so gidanmu ya rama, kuma ba zan taka ko'ina ba sai da yardarka, mu je ka gani da idonka. Ku tafi tare daren atisaye. Ya gaisa da kwamanda, ya ɗaga rigar ya ji nauyinta, ya ga hular da za ta rufe miki kai, ya yi duk tambayar da ke ransa. Namiji ya fi saurin yarda da abin da aka sa shi a ciki fiye da abin da aka kawo masa an gama. Kada ki yi mamaki in shi ma suka nemi ya shiga na dare da ƙarshen mako. In hakan ta faru, sai ku raba: ba ku fita tare, ɗaya yana wurin yara kullum.

Ku kuma ajiye sharuɗɗa a fili. Ni da zan ba ku shawara, ki fara da rana kaɗai, lokacin da yara suke makaranta, tunda buƙatarsu ke nan tun asali. Babu wanda zai ce ki bar ƙananan yara su kaɗai a gida ki amsa kira, kuma ko an ce, kada ki yi. Ki samu maƙwabciya ɗaya tabbatacciya wadda za ta ɗauko su in aiki ya riƙe ki; a wasu jihohin doka ta tanadi a mayar wa mai sa-kai kuɗin rainon da ta biya, ki tambaya a ofishin gari. Ki sani kuma kina cikin inshorar haɗari a duk lokacin atisaye da aiki, kuma in nan gaba kin kama aikin albashi, dole wanda kike yi wa aikin ya bar ki ki tafi in an yi kira, hukumar gari ce ke mayar masa da kuɗin awannin. In Allah Ya kawo rabo, da zarar kin tabbatar da juna biyu ki sanar, za a dakatar da ke daga fita har ki haihu ki warware. Azumi ma ku yi maganarsa: aiki cikin kaya masu nauyi da zafi ba ruwa a ciki ba wasa ba ne, kina iya cewa a cire ki daga masu shiga hayaƙi a watan.

Ta fuskar addini, ni ba malama ba ce, kuma ina so ku kai wa malamin da kuka amince da shi maganar cakuɗuwa da maza yadda take, ba ƙari ba ragi. Amma ku tafi da sanin cewa aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, ba ta ce namiji ba. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda aka raunata, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu wurinta bayan yaƙin Khandaƙ. Haƙƙin maƙwabci kuma bai tsaya a kan Musulmi ba.

Umma kada ki yi mata gardama a waya. Uwar da ke nesa tsoronta ninki biyu ne, domin abin da ido bai gani ba zuciya ke ƙara masa gishiri. Ki bari sai kun daidaita da maigida, sa'annan shi ya kira ta da bakinsa ya ce ya je ya gani, ya yarda. Maganar suruki tana da wani nauyi a wurin iyayenmu wanda ta 'yar cikinsu ba ta da shi. Ki tura mata hotonki cikin kayan ta ga ko tsintsiyar hannunki ba a gani. Ki tuna mata wata gobara da ita kanta ta taɓa ɗaukar bokiti, na tabbata akwai. Sa'annan ki roƙi addu'arta, ki ce mata duk ranar da kika fita za ki kira ta in kin dawo, kuma ki cika.

In kuwa bayan duk wannan Abban yara ya ce a'a, ki haƙura a yanzu, kada ki cika takarda a ɓoye. Ƙofar ba ɗaya ba ce. Yawancin rundunonin nan suna da ƙungiyar magoya baya masu tara kuɗi da dafa wa masu aiki abinci in aiki ya yi tsawo, akwai sashen yara da matasa da ke neman manya masu kula, akwai kwas ɗin taimakon farko da za ki iya yi cikin yini ɗaya. Ki shiga ta nan, ki bar shi ya saba da fuskokinsu, bayan shekara ki sake tayar da maganar.

Kafin nan, ki je shagon burodi da sassafe lokacin da babu layi, ki tambayi matar nan yaushe ne atisaye na gaba, kuma wa ke riƙe mata gida in na'urarta ta yi ƙara. Allah Ya tsare ki da iyalinki, Ya kiyaye na gaba.